Fihirisar Dare

Ƙarfe biyu saura kwata. Tudun Wada ta yi tsit,
sai janareta ke tari a bayan ɗakin magani.
Ga ni, ga allo, ga shayin da ya huce tun isha'i,
ga tebur guda mai layi dubu ɗari takwas da ɗoriya.
Kowane layi mutum ne
da ya taɓa shigo mana da zazzaɓi, ko naƙuda, ko karaya.

Jiya Sista Kande ta buga suna, na'ura ta ce a jira.
Ta faro daga layin farko
tana ɗaga kowa tana tambaya: kai ne? Ba kai ba ne. Ke ce?
Allura cikin ruwa.
A gaban kanta wata uwa na rungume da yaro mai jijjiga.
Daƙiƙa arba'in ba komai ba ce
sai ranar da ka tsaya a cikinta.

Shi ya sa na kwana nan, in yi wa sunaye hanya.
Ginshiƙin sunan mahaifi a gaba, ranar haihuwa na bin sa.
Jerin ba wasa ba ne, na gaba shi ke riƙe da makulli.
Wanda ya zo da na biyu kaɗai
ya sauka a tashar Kawo ne yana cigiyar gida mai koren ƙyaure.
A ciki bishiya ce ke tsirowa, saiwarta a sama,
reshe uku, reshe huɗu, ka kama ganyen da kake so.

Babana da hannu ya yi wannan aikin
a masaƙar Kakuri, kafin injuna su yi shiru.
Akwatin katako, kati bayan kati,
ya lashi yatsa, ya zaro ma'aikaci ɗaya cikin dubbai.
Yakan ce, ɗiyata, ajiya kowa ya iya,
samowa ita ce sana'a.

Sai dai kowace fihirisa da bakinta take zuwa.
Tanimu, wanda ya riga ni kujerar nan, ya bar goma sha bakwai,
har da ɗaya a kan jinsi.
Maza rabi, mata rabi, me ta rage wa mai nema?
Duk sabon majinyaci sai an rubuta shi sau goma sha takwas,
rajistar safe tana jan ciki
kamar motoci a kan gada ranar Litinin.
Na buɗe ƙididdiga.
Shida ba wanda ya bi ta kansu tun damina waccan.
Na sauke su ɗaya bayan ɗaya,
ina neman afuwar Tanimu a zuci.
Sauran, waɗanda shafukansu suka tarwatse
saboda shiga da fita na shekara biyar,
na sake jera su, na bar ɗan sarari don masu zuwa.

Saura gwaji.
Ban yi shawara da yatsuna ba, su suka zaɓa:
Sallau Ɗan'azumi.
Kafin in ɗage hannu ya bayyana.
Hawan jini. Gado na tara. Wata Laraba cikin Agusta.
Gurbin ranar sallama cike,
na ranar dawowa babu komai.

Shekara talatin yana samo mutane,
yau an samo shi cikin ƙiftawar ido.
Na daɗe ina kallon layin.
Fihirisa nuni kawai take yi,
ta ce ga inda yake,
ba ta ce masa taso.

Yayyafi ya fara a kan kwano, ladan na gyara murya.
Na rubuta a littafin aiki: an gina ɗaya, an cire shida.
Ƙarfe bakwai Sista Kande za ta zo da jiƙaƙƙiyar lema,
ta buga suna, suna ya fito,
ta ce na gaba.
Ba za ta san na kwana nan ba.